Labbo Maijirgi da Zabuwar Tsibiri

Duk wanda ya zauna da Labbo Maijirgi ya san ba ya barin matsala ta wuce bai gaishe ta ba. Tayar babur ɗinsa ta yi faci a hanyar Jangebe, sai ya sauka, ya gyara hula, ya durƙusa gabanta: "Sannu da zuwa. An zo lahiya? Ya hanya? Ya aka baro mutanen gida?" Sai ya kai gaisuwar ƙarshenta, har da ina gajiya da ina labari, sannan ya nemi mai faci. Tun da aka yi rasuwarsa, kowa ya zo zaman makoki wannan yake ɗaukowa, a yi ta dariya ana share hawaye. Ku yi dariyarku. Ku a ƙasa kuka ji gaisuwar nan, ƙafafunku kan turɓaya. Ni a sama na ji ta, shanun Fulani sun koma kamar tururuwa a ƙarƙashina, kuma ba ta taɓa ba ni dariya ba.

Ga yaran da ba su sani ba, Labbo taubashina ne. Ubansa da uwata ciki ɗaya suka fito. Kun san abin da ke tsakanin taubasai: zagi ba laifi, ƙarya ba laifi, ya zuba maka barkono a fura a ce wasa ne. Tun muna yara bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "bawa". Ya girme ni, kuma ya fi ni kai, aka tura shi karatu har Zariya ya koyo tuƙin jirgi. Ni ban ƙarasa firamare ba na koma gona, ban kuma ga laifin gona ba sai da dam ɗin Bakolori ya zo ya shanye ta. Gonar da kakana ya sare a gefen Maradun, yanzu kifi ke kiwo a cikinta. Abin da aka yi mana a shekarun nan ba shi na zo faɗa ba, wanda ya gani ya gani. Abin da ya shafi labarin nan shi ne na wayi gari da mata da yara da tsohuwata, ba ni da inda zan kafa ko kwasar noma ɗaya.

A lokacin masu aikin noman dam ɗin suna da wani ɗan ƙaramin jirgi a Mafara, kujera biyu a gaba, wurin kaya a baya, Labbo ke tuƙa shi. Tsuntsayen jan-baki ne suka dame su. In shinkafa ta fara nuna sai su sauko kamar hadari, kafin ka ɗauko gwangwani sun bar maka kara. Ba a iya yi musu feshi sai an san inda suke kwana, ni kuwa babu gumbi ko sarƙaƙiyar bakin gulbi daga Maradun zuwa Bakura da ban sani ba. Labbo ya ja ni gaban Manaja, wani dogon mutum mai tabarau da ba ya dariya. Manaja ya ce in riƙa zama gefen Labbo ina nuna masa makwancin tsuntsaye har a yanke shinkafa. In an yanke, Labbo ya ce na dace, a ɗauke ni dindindin. In ya ce ban dace ba, in kama gabana.

Wato tuwon gidana gaba ɗaya an ɗora shi kan harshen taubashi. Ku tuna da wannan duk inda labarin ya bi.

Ranar farko, mun bar ƙasa ke nan, rufin kwanon Mafara bai gama ƙanƙancewa ba, sai na ji fau, ƙofar gefena ta buɗe. Iska ta shigo tana ihu, hulata ta tafi, har yau ban san gonar wa ta faɗa ba. Na leƙa ta tsagar na ga ƙasa tsirara, ba komai tsakanina da ita. Na kai hannu biyu na cafki ƙofar ina ja, gwiwata na dukan sitiyarin da ke gabana, jirgi ya karkata. Labbo ya make mini hannu da bayan nasa, ya daidaita jirgin, sannan ya leƙo ta gabana ya dubi ƙofar.

"Sannu da zuwa, Hajiya. An tashi lahiya? Ya kwanan iyali?"

"Labbo, za ni hwaɗi!"

"Ana gaisuwa kana sa baki. Wa ya rene ka?"

Bai sake kallon ƙofar ba. Ya ci gaba da hawa, ya zagayo a hankali kamar mai koro tumaki, ya sauka, ya fito ya rufe ta da yatsa biyu. Sannan ya ce iska ba ta barin ƙofa ta buɗe fiye da tafin hannu, ga bel a ƙuguna, ko na so faɗuwa ba zan iya ba.

"Ƙohwa ba ta kashe mu yau, bawa. Kai ne ka kusa. Daga yau hannunka ƙarƙashin cinyarka. Nuni da baki za ka yi, awa tsohuwa. Ranar da ka taɓa wani abu cikin jirgin ga muna sama, ko da ni nic ce ka taɓa, na gaya ma Manaja ba ka dace ba."

Na ce na ji. Ban san ya buɗe wa kansa filin wasa ba ne.

Ba a jima ba, muna saman Bakura, ya dafe ido ɗaya ya ce, "Bawa, riƙa min sitiyarin ga, wani abu ya hwaɗa min ido." Mutum ne ya ce idonsa, ku me za ku yi? Na zaro hannu. Kafin yatsana ya kai sai ya buɗe idon garau.

"Na kama ka. Bari mu sauka."

Ranar ko tuwo ban iya haɗiyewa ba. Tsohuwata na tambaya ko ciki ne, na ce ciki ne. Washegari ya ce ya yafe, wai bawa ba shi da hankalin da za a kama shi da laifi. Wata rana kuma ya kwantar da kai jikin taga, baki buɗe, kamar wanda ya suma, hancin jirgi ya fara sunkuyawa wajen ruwan dam. Na danne hannuwana har suka mutu, na karanta duk abin da na iya, har da addu'ar shiga kasuwa. Ruwa na ta girma a gabana. Can ya buɗe ido ɗaya.

"Ka hwara zama mutum."

Haka na koyi darasina: duk abin da Labbo ya ce in yi a sama, tarko ne.

Sai kuma rowarsa. Akwai wani ɗan bututu ƙarƙashin fiffike, ta nan iska ke shiga ta gaya wa agogo gudun jirgi. In jirgi na ajiye ana rufe bakinsa. Murfin ya ɓace tun kafin zuwana, Labbo ya samo safar jariri yana sa masa. Akuya ta cinye safar. Makaniki ya ce ya je sito ya karɓo sabon murfi, ba da ko kwabonsa ba, ya ce a'a, kayan sito ba na ɓarna ba ne, akwai suna gidan maƙwabcinsa, safa na nan tafe. Kafin a yi sunan, zanzaro ya riga ya ga ɗaki ba mai shi.

Muna sama sai na ga allurar agogon ta yi rawa, ta kwanta. Ni ban san karatun agogo ba, amma na san wannan ba ta saba kwanciya ba. Labbo ya ƙwanƙwasa gilashin da farce, ya leƙa fiffike.

"Malam Zanzaro, ashe gini aka ɗora ba a gaya muna ba? Sannu da aiki. Allah shi sa a gama lahiya."

"Mi ya hwaru?"

"Agogo ya tahi hutu."

"To da mi za mu sauka?"

"Da kunne. Kame bakinka in ji iska."

Ya buɗe 'yar tagar gefensa, ya karkatar da kai kamar mai sauraren gulmar maƙwabta, yana ƙara wuta yana ragewa. Ni ina zaune kan hannuwana ina tunanin wanda zai gaya wa tsohuwata. Mun sauka da gudu fiye da kullum, jirgi ya bi fili har ƙarshensa, ya tsaya hancinsa na shinshinar shingen ƙaya. Labbo ya fito ya nemi tsinke, ya tsuguna yana ƙwaƙule laka daga bututun yana ba zanzaro haƙuri. Da ya gama ya juyo.

"Ka gani, bawa? An rushe mishi gida, ya tashi ya tahi neman wani wuri. Bai zauna yana ma mutane ƙorahi awa kai ba."

Da ba don yara ba, da ranar na fasa masa baki.

To, ga zabuwa.

Ƙarshen damina ne, an fara yankan shinkafa, kuma Manaja ya ce ranar zai zo fili da yamma ya ji bakin Labbo a kaina. Da rana muka sauka kan wani fako kusa da Tsibiri, don mu duba wata sarƙaƙiya da aka yi wa feshi. Mutanen wani ƙauye da ke gefen suka fito, shinkafarsu ta tsira, maigarinsu ya sa aka kamo zabuwa ƙatuwa ya miƙa wa Labbo da hannu biyu. Kyautar maigari ba a mayar da ita, wannan ko ni na sani. Na ce to a yanka ta nan, mu tafi da nama.

"A yanka mai ƙwai? Shi ya sa kuka talauce."

Wani ya ce bari ya kawo igiya. Labbo ya ce kada a ɓata igiya, ya tsinko kaba ya ɗaure mata ƙafafu, ya jefa ta wurin kaya. Gaisuwar sallama kuma ta ci lokaci, don Labbo ba ya yanke gaisuwa ko da wuta ta kama gari. Kafin mu tashi hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin.

Mun hango Mafara ke nan iskar farko ta ɗaga jirgin ta sake shi. Zabuwa ta bugu da rufi, kaba ta tsinke. Wanda bai taɓa zama cikin akwatin ƙarfe da zabuwa mai neman hanya ba, ba zai gane ba. Ta bugi gilashi, ta bugi fuskata, ta hau kan Labbo ta sauka, gashi ko'ina, kashi ko'ina, ga kukan nan nata mai tsaga kunne. Ni dai hannuwana na ƙarƙashin cinya, ina kare ido da kafaɗa. Can ta faɗa ƙasa ta gefena, ta kurɗa can ciki, ta yi shiru.

A ƙasan jirgin akwai feda, biyu a gabansa, biyu a gabana, kuma a haɗe suke: in ya taka nasa, nawa ma su motsa. Da su ake miƙe hancin jirgi wajen sauka, balle in iska na bugowa ta gefe. Zabuwa ta je ta cusa kanta bayan fedar dama ta gefena, ta cika wurin maƙil. Na ga Labbo ya taka, fedar ta tafi kaɗan ta tsaya, zabuwa ta yi ƙara. Ya sake takawa. Ya miƙo hannu ta gefena, bel ya riƙe shi, ko gwiwata bai wuce ba.

"Bawa, jawo zabuwar ga."

Na dubi fili. Ga motar Manaja, ga shi kansa tsaye jikinta, riga na kaɗawa. Na ce a raina, lallai mutumin nan ya iya zaɓen rana.

"Ba ni taɓawa."

"Ta toshe min heda. Jawo ta."

"Haka kac ce ranar Bakura. Ido ne ranar."

"Wanga ba wasa ba ne."

"Ranar da ka suma ma ba wasa ba ne."

Muna ta saukowa, jirgin na tafiya a karkace kamar kaguwa, hancinsa na kallon rumfar makaniki maimakon fili. Na ga makaniki ya ajiye abin da ke hannunsa ya fara ja da baya. Ƙasa ta taso har ina ganin ɗaiɗaikun ciyawa. Labbo ya tura wuta gaba ɗaya, inji ya yi ruri, muka sake hawa, tayarmu ta kusa shafar rufin rumfar.

Da ina da hankali da na lura bai gaishe da zabuwar ba. Amma tsoro biyu ne suka haɗu a cikina, na mutuwa da na komawa gida hannu banza, kuma na biyun ya fi sabawa da ni.

Muka zagayo. Hadari ya rufe rabin gari, ɗigon farko na fashewa a gilashi. Labbo ya dubi agogon mai, ya dubi gabas.

"Ji nan. In ruwan ga ya sauko ba mu ga hili. Man da ya rage ba shi kai mu Sakkwato. Sa hannu ka jawo ta, ba ni gaya ma kowa."

"Kai da bakinka kac ce ko kai kac ce in taɓa."

"Na janye."

"Janyewar ma cikin tarkon take."

"Kai wane irin jaki ne?"

"Irin wanda ka koya ma zama."

Ya gwada saukar a haka. Iska ta kwashe mu gefe kamar ganye, fiffiken hagu ya sunkuya har na ga inuwarsa na taɓa shi. Ya sake tura wuta. Wannan karon jirgin ya yi nauyin tashi, wani abu ya yi ƙara a cikinsa kamar busa. Na ga Manaja ya cire tabarau.

Labbo ya daidaita jirgin, muka miƙe. Da ya yi magana, muryar ba tasa ba ce, ƙasa-ƙasa take, ba dariya a bayanta.

"Haruna."

Na juyo. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa jin sunana a bakinsa ba.

"Na roƙe ka da nonon da Gwaggo ta ba ka. Jawo ta."

Taubashi zai yi maka ƙarya da komai, da idonsa, da ransa, da matarsa. Amma ba a sa iyaye cikin wasa. Uwata ce, kuma ita ta goye shi lokacin da tasa ke jinya.

Hannuwana sun mutu saboda zama, da ƙyar na zaro su. Na sassauta bel, na sunkuya, kafaɗata ta bugi sitiyari, jirgi ya yi tsalle, Labbo ya riƙe shi. Na laluba cikin duhun wurin, ta sare ni a yatsa, ta karce mini wuyan hannu, ga tabon nan har yau. Na samu ƙafa ɗaya na ja. Ta fito tana ihu, na cusa ta cikin rigata na rungume, kamar mai ciwon ciki. Na ji fedar ta tafi har ƙasa.

Saukar ba ta yi kyau ba. Mun daka, mun tashi, mun sake dakawa. Amma hancin na kallon inda ya kamata, kuma mun tsaya kan tayoyinmu. Farfela ba ta gama juyawa ba ruwa ya kece.

Muka ruga rumfar makaniki. Ina tsaye jini na bin hannuna, gashin zabuwa har cikin bakina, ita kuma tana motsi a cikin rigata. Na san na gama. Na taɓa abu a sama, har sitiyari na buga, kuma gaban Manaja. Na fara lissafa wanda zan je wa ƙodago a Bakura.

Manaja ya goge tabarau ya mayar. Ya tambayi Labbo me ya sa yake ta shawagi a kan mutane ga hadari.

"Gwajin ƙarshe nike mishi, ranka shi daɗe."

"To, ya dace ko bai dace ba?"

Labbo ya dube ni sama da ƙasa, ya ɗauki lokacinsa, har da tsince gashi daga hularsa.

"Wanga, ko jirgi na shirin kihewa ba shi motsi sai ka roƙe shi da uwatai. Ban taɓa ganin taurin kai irin nashi ba. A ɗauke shi."

Manaja ya dubi cikina da ke motsi. Ya ce in zo ofis da safe, ya shiga mota.

Da motar ta tafi na juya ban ga Labbo ba. Na zagaya bayan rumfar na same shi zaune a ƙasa cikin ruwa, ya jingina da kwano. Na tsaya kansa. Bai ɗago ba.

"Ba ni zabuwata," ya ce.

Daga ranar bai sake yi mini tarko a sama ba. A ƙasa kam sai abin da ya ƙaru.

Aikin nan shi ya riƙe gidana har jirgin ya lalace aka rasa mai kawo masa kaya, ya zauna a ƙarshen fili awaki na kwana a inuwarsa. Kafin nan yarana sun tasa, tsohuwata ta cika da cikinta a ƙoshe, a ɗaki mai rufi. Ba a yi wa taubashi godiya, sai ya raina ka, shi ya sa bai taɓa jin ta daga bakina ba. Yanzu da ba ya ji, ku ku ji: lokacin da kowa ya kau da kai, Labbo ne ya riƙe ni.

Allah Ya jiƙan Labbo, Ya yafe masa, har da abin da ya yi mini. Allah Ya yalwata masa makwanci, Ya sada shi da Gwaggonsa cikin rahama, Ya rufa wa 'ya'yansa asiri kamar yadda ya rufa wa nawa. Amin.